Akenaton bai kira kowa ga tauhidi ba

Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili kan wata magana da ta kama bakin ɗaliban sakandare a nan Garwa da Marwa, har wasu malamai na maimaita ta a aji: wai Fir'auna Akenaton na Masar ne farkon wanda ya kaɗaita Allah. Kuskure ne, kuma duwatsun da shi kansa ya bari sun ishe mu hujja.

Sarkin ɗan gidan sarauta na 18 ne, gidan da Ahmos ya kafa wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan ya kori Hiksos, baƙin da suka mulki arewacin Masar. Akenaton ya hau gado wajen 1353 da sunan Amenhotep na huɗu, ya yi shekara 17. A lokacin, gunkin Amun na Karnak ne ke riƙe da gonaki da garken shanu da zinariyar Nubiya, kuma limamansa sun yi ƙarfin da fada ke jin nauyinsu. A shekara ta 5 ta mulkinsa sarkin ya sauya suna, ya ɗaukaka Aton, wato faifan rana, ya tattara fada ya koma wani fili tsakanin Tebes da Memfis inda babu gari a da. Nan ne Amarna ta yau.

Ku duba zanen Aton da kyau, don a nan maganar take. Rana ce mai saukar da haske, kowane zaren haske ya ƙare da ɗan hannu, kuma hannayen da ke riƙe da alamar rai suna miƙa ta ne ga hancin sarki da matarsa Nefertiti kaɗai. Talaka ba shi da hanyar kai wa ga Aton sai ta kan sarki. A gidajen manyan fada an tono ɗakunan bauta, abin da ke ciki hoton sarki da iyalinsa ne. Wanda ya sa a bauta wa rana, sannan ya tsaya tsakani a bauta masa shi ma, ina tauhidi a nan? Ma'aikatan birnin ma ba su saki nasu gumakan ba, domin an sami layun gumakan gida Bes da Taweret a unguwarsu.

Gaggawa ce ta fara cin aikin. Maimakon manyan duwatsun da aka saba, ya sa aka riƙa sassaƙa ƙanana da ake kira talatat, tsawon kusan santimita 52, faɗi 26, kauri 24, waɗanda mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa. Gini ya tashi da sauri, amma abin da mutum ɗaya ya ɗora, mutum ɗaya zai sauke. Ƙasusuwan da aka tono a maƙabartar talakawan Amarna sun nuna karayar baya da ƙarancin abinci, kuma da yawansu yara ne da matasa. Wannan ɓangaren ya kamata ɗalibai su ji, ba kyan fuskar mutum-mutumin Nefertiti da ke Berlin kawai ba.

Sai kuma rufe ɗakunan bautar sauran gumaka da kankare sunan Amun daga bango, har daga cikin sunan mahaifinsa, Amenhotep na uku. Ɗakunan nan su ne rumbunan hatsi, su ke ciyar da dubban ma'aikata. Ka rufe su, ka taɓa tukunyar jama'a. A waje kuwa, wasiƙun yumɓu kusan 380 da aka gano a Amarna a 1887 cike suke da koken sarakunan Sham. Rib-Hadda na Biblos shi kaɗai ya aiko da kusan 60 yana neman dakaru.

Da Akenaton ya rasu, ba a daɗe ba yaron sarki Tutankaton ya zama Tutankamun, fada ta bar Amarna. Fir'auna Horemheb da ya zo daga baya ya rushe gine-ginen Aton, ya cusa duwatsun cikin ƙofofin Karnak a matsayin ciko, abin da ya adana zanensu har aka tono dubbansu a zamaninmu. A jerin sarakunan da Fir'auna Seti na farko ya sassaƙa a Abidos, daga Amenhotep na uku sai Horemheb, babu sunan Akenaton ko na Tutankamun.

Daga wasu malaman tarihi,
Garwa, Kamaru