Wasiƙar Makaranta: Hasken da ya bi ruwa a ajin kimiyya

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da sauran masu riƙon yara a nan Jidda.

In yaronku ya dawo gida da rigarsa jiƙe sharkaf a makon jiya, ku yi masa afuwa, laifin malamin kimiyya ne. Gorar ruwa ya huda, ya kashe fitilun aji, ya haska tocila ta bayanta. Ruwan na tsiyaya cikin bokiti, hasken na lanƙwasa yana bin sa. Ajin ya yi tsit, sannan ya kaure da sowa.

Da wannan aka buɗe darasin Farfesa Charles Kao, masanin fiziks kuma injiniyan lantarki. An haife shi a Shanghai a 1933, ya yi karatu a Landan, ya kama aiki a wani ɗakin bincike a Harlow ta Ingila. A lokacin, in aka tura haske cikin zaren gilashi don ya bi shi kamar yadda ya bi ruwan gorar nan, kafin ya yi mita 20 ya kusan ɓacewa, masana da yawa har sun haƙura. Shi ya ƙi. A 1966, tare da abokin aikinsa George Hockham, ya nuna cewa dattin da ke cikin gilashin ne ke shanye hasken, in aka tace shi tas saƙo zai yi tafiyar kilomitoci. Ba a samu irin wannan zaren ba sai 1970, a kamfanin Corning na Amurka. Shekara huɗu ke nan yana yawo yana lallashin mutane, kuma a ganinmu nan ne ya fi burgewa.

Zaren bai wuce kaurin gashin kai ba. Irinsa ne ke cikin igiyoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙasan Bahar Maliya, wasu ma a nan gaɓar Jidda suke fitowa. Muryar Hajiya da kuke ji daga Kano ta WhatsApp, sau da yawa ta nan take biyowa.

Farfesa Kao ya shugabanci wata babbar jami'a a Hong Kong daga 1987 zuwa 1996. Kyautar Nobel ta zo masa a 2009, lokacin ciwon mantuwa ya riga ya kama shi, sai matarsa ce ta karanta jawabinsa. Ya rasu a 2018.

Ranar Alhamis mai zuwa 'yan aji biyar za su maimaita gwajin. Don Allah a haɗo kowane yaro da gorar ruwa marar launi da ƙaramin tawul. Tocila kam muna da ita.

Wassalam,
Hukumar makaranta