Wasiƙa daga Jidda bayan rasuwar Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙan Baba, shi sa can ta fi mashi nan. Ka yi wa Inna da Hajiya ƙarama gaisuwa, ka ce musu ina tare da su cikin wannan takaba.

Na ba mai canjin nan da ka sani riyal 2,000, za su shigo asusunka cikin satin nan. Don Allah Yaya, bashi za a fara biya kafin a yi maganar sadaka. Ka buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonshi, wanda ya taho da shi daga aikin soja, littafinshi na ciki. Duk manomin Wurno ko Goronyo da Baba ya karɓi albasarshi bai gama biya ba, sunan yana rubuce da yawan buhu. Ka bi su ɗaya ɗaya. Abin da ya saura a saya wa su Inna hatsi, sannan a yi sadaka daidai ƙarfi. Ba sai an kafa rumfa an yanka sa don a burge unguwa ba, ka san shi kanshi bai son haka.

Sai maganar da ta hana ni barci. An ce mini Auta ya buɗe rudu ya fara fitar da albasa, wai zai sayi babur. In gaskiya ne, ka karɓe mabuɗan shago yau, kada ka jira gobe. Wannan dukiyar magada ce, akwai yaran Hajiya ƙarama da ko firamare ba su gama ba. Wa ya ba shi? Ko kwana arba'in ba a yi ba. Kuma katin bankin Baba kada kowa ya taɓa shi. A kai takardar shaidar rasuwa da takardarshi ta sallama daga aiki, a sanar da hukumar fanshon soja ta Abuja, su faɗi in akwai haƙƙin da ya rage. Abokanshi na ƙungiyar tsofaffin sojoji sun san hanya, ka neme su.

Ina tunanin mutumin nan ƙwarai. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin Rima ba, ya tashi ya tafi Apapa ta Legas ya shiga sojan ruwa, 'yan uwa suna cewa me Basakkwace ya sani da teku. Ka tuna yadda yake ba mu labarin jirgin Aradu, da anka kawo shi daga Jamus aka ƙaddamar a 1982? Sai ya miƙe tsaye yana nuna tsawonshi da hannu, mu kuwa muna dariya. Amma tafiyar Laberiya ta 1990, lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ko sau ɗaya ban ji ya buɗe baki a kanta ba. Inna ce ke faɗin yadda take kwana da rediyo a kunne a barikin Ojo, kai kana goye.

Da ya aje aiki, wasu abokanshi kuɗin sallamarsu aure da mota sunka cinye. Shi ya dawo gida ya haɗa rabin tirela na albasa ya bi ta da kanshi har kasuwar Mile 12. Yarabanci a bakinshi, ga broka, babu dillalin Legas da ya isa ya cuce shi. Shekarar da mota ta lalace a hanya kaya sunka ruɓe, filinshi na Mabera ya sayar ya biya manoma, alhali babu wanda ya kai shi ƙara. Da wannan albasar ya aurar da 'yan mata, ya riƙe marayun Gwaggo, ya biya maka makaranta. Ita ce Auta yake son ya mayar babur.

Ni nan lafiya lau, kada Inna ta sa damuwa. Tuƙin dai nake yi, ɗakin da muke ya ɗan matse amma mutanen kirki ne. Zafin Jidda bai fi namu ba, gumi ne kawai ya yi yawa saboda teku. Kafili, wato ubangidana na aiki, bai ba ni izinin fita ba, shi ya sa kunka rufe Baba ba ni. Ka san bai so tahowata ba, ranar da zan tafi ko rakiya bai yi mini ba, sai kuɗin mota ya aiko Auta da su. Na yi niyyar sai na kawo shi Hajji da gumina kafin in dawo. Allah bai nufa ba. Ranar Juma'a na shiga Makka na yi mashi umra, ka faɗa wa Inna, za ta ji sanyi.

Lambobinshi na girma da farar hular da yake sawa duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, a aje su cikin akwatin, kada a ba kowa sai an zauna rabon gado gaban malamai.

In kuɗin sun shigo ka kira ni. Ka ɗauki hoton shafukan littafin ka turo mini ta WhatsApp, in bashin ya fi abin da na aiko zan ciko ƙarshen wata. Mabuɗan nan dai, Yaya, ka karɓe su. Ka gai da iyalinka da Kawu.

Ƙanenka.