Amsa ga mai Corolla da ya ɗaure shokozobarsa har ƙarshe

Assalamu alaikum, ƙanena. Ka kira waya a shirin rediyon da aka gayyace ni mu yi magana kan gyaran mota, lokaci ya ƙure ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. Tambayarka ita ce: ka sa wa motarka shokozoba irin wadda ake murɗa kanta a ƙara mata tauri ko a rage, an ce maka in ka ɗaure ta tamau motar za ta kama titi, ka ɗaure har ƙarshe, yanzu kuma tana tsalle a hanyar Bodinga zuwa Tambuwal, bayanta na zamewa a kwana. Ka ce in faɗa maka lambar da za ka ajiye ta.

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowace mota, amma ina tabbatar maka ba ta ƙarshe ba ce. Wanda ya ba ka waccan shawara ya ɗauko ta ne daga masu tsere a fili mai santsi kamar faranti, ya manta da inda kake tuƙi.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Aikin shokozoba shi ne hana sifirin ɗin ci gaba da lilo bayan ya bi ta kan rami ko tudu. A cikinta akwai fistin da ke tura mai ta ƙananan ƙofofi, kuma abin da kake yi idan ka murɗa kan nan shi ne ƙuntata wa man hanya ko buɗa masa. Motsinta iri biyu ne: matsewa, lokacin da taya ta hau tudu aka turo ta sama, da miƙewa, lokacin da sifirin ke mayar da tayar ƙasa. Da ka rufe ƙofofin nan, sai miƙewar ta yi jinkiri. A kan gargada, kafin tayar ta dawo ta taka ƙasa wani tudun ya sake bugunta, motar ta yi ta nutsewa a kan sifirinta har ta ƙare a kan robar da ke tare bugu. Daga nan kuma ba sauran sassauci, taya na taɓa kwalta tana ɗagawa. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Zamewar da kake ji a kwana ke nan. Linzami ne aka ja wa doki har ya kasa ajiye ƙafa inda ya kamata.

Kafin ka taɓa komai, a duba ƙasan motar. Bushin (robar mahaɗar ƙarafan ƙasan mota) da ya mutu, tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) mai girgiza, bol-join (gaɓar da taya ke juyawa a kai) da ya saki, duk suna sa mota yawo a titi, kuma babu murɗin da zai gyara su. A auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, a bi lambar da kamfani ya manna a jikin ƙofar direba, ba wadda mai faci ya ga dama ba. Sannan a yi alaimen, wato daidaita tayoyi, tunda duk wanda ya kwance shokozobar gaba ya taɓa saitin taya.

Yanzu ga saitin kansa. Duba takardar da ta zo da kayanka, domin ba duka suke aiki iri ɗaya ba. KYB AGX ta Japan, murɗi ɗaya yana canza matsewa da miƙewa tare, matakanta 4 ko 8 ne gwargwadon samfuri. Koni mai launin rawaya ta ƙasar Holan kusan miƙewa kawai take canzawa, ba ta yin ƙarar ƙas-ƙas, da rabin zagaye ake lissafinta, kuma ana ƙara mata tauri ne ta juyawa hagu, saɓanin yawancin sauran. Masu tsada suna da kai biyu, kowane motsi da nasa. Irin mai ƙas-ƙas, ka murɗa ta a hankali har ta tsaya a wajen tauri, kada ka matsa da ƙarfi don akwai allura a ciki da ke lalacewa, sai ka riƙa ƙirgawa baya daga nan. Ka kai ta tsakiya ko ka ɗan wuce zuwa laushi, hagu da dama lamba ɗaya, ka rubuta a takarda.

Nemi hanyar da ka sani, mai ɗan gargada da kwana, a lokacin da babu cunkoso, ba cikin gari tsakanin masu kabu-kabu da Keke Napep ba. Ka ɗan yi tafiya tukuna man ciki ya yi ɗumi. Wannan yana da muhimmanci a Sakkwato fiye da wurare da yawa: a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, mai ya tsinke, shokozoba ta yi laushi, alhali da asubar hunturu ita ɗin ce za ka ji ta ƙage. In ka bi ta kan tudu motar ta tashi, ta zauna, ta sake lilo sau biyu ko uku, ƙara tauri da mataki biyu. In ta tashi ta zauna sau ɗaya ta natsu, ka isa. In ka fara jin duka a kujera, sitiyari na karkarwa a hannu, ka wuce, koma baya. Gaba daban, baya daban, kada ka canza su lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane wanne ya kawo sauyin ba.

Batun bayan da ke zamewa kuma, Corolla da gaba take ja, nauyin inji ma a gaba yake, bayanta ba shi da nauyi. In baya ya fi gaba tauri sosai, da ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana sai ya nemi wuce gaba. Sassauta bayan. In kuma hancin motar ne ke ƙin shiga kwana yana miƙewa waje, gaban ne ya yi tauri. Ni dai a motar iyali na fi son ƙaramin ƙin shiga a kan bayan da ke juyawa, domin na farkon rage gudu kawai yake buƙata, na biyun kuwa sai gwani.

Ka ambaci cewa wani lokaci kakan ɗauko buhunan albasa daga Wurno, bayan motar ya zauna. Ƙara taurin shokozoba ba zai ɗaga ta ba ko kaɗan, wannan na sifirin ne, ko dai ya gaji ko kayan sun fi ƙarfinsa. Idan kuma taka irin wadda ake sauke mota ƙasa da ita ce, bar ta a tsayin da kamfani ya yi, damina na zuwa, kaskon man inji ba ya jure dutse. Sannan ka leƙa robar da ke rufe sandar shokozoba. In ta yage, ƙurar nan tamu za ta ci silin da ke riƙe man a ciki, man ya fara tsiyaya, kuma wadda ta jiƙe da mai ba a saita ta, canza ta ake yi, ita da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen.

Allah Ya tsare hanya. Naka, yayanka bakanike a Sakkwato.