Wasiƙa daga Agege kan kayan ɗakin Hadiza

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, kasuwa kuma a hankali.

Na turo maka N180,000. Kuɗin gyaran kayan ɗakin Hadiza ne, kada a taɓa su don ɗinki ko anko. Labari ya iso ni cewa Gwaggo tana zuga Inna a ci bashi a sayo sabon saiti, wai kada dangin ango su ce an yi jere da gwanjo. Ka faɗa mata cikin ladabi ban yarda ba. Yawancin saitin nan mai ƙyalli garin katako ne aka matse aka liƙa masa leda. Ruwa na taɓa ƙafarsa zai kumbura, ƙusa kuma ba ta ƙara kama shi.

Kayan suna tafe a motar albasa da za ta juyo daga kasuwar Mile 12: gado shida da shida, sif mai ƙofa uku, kujeru, firij, da labule daga kasuwar Katangowa ta wajen Abule Egba. Na hannu ne, amma katakon iroko ne da mahogani, irin wanda mutum biyu ke nishi kafin su ɗaga.

In sun iso kada ku shigar da su ɗaki. Katakon da ya zauna a Legas ya sha laima, in ya zo wajenku zai bushe ya tsuke. A ajiye su a rumfa sati biyu, cikin inuwa, don rana tsaga shi za ta yi. Za ka ga mahaɗan sun yi sako-sako, kada hankalinka ya tashi. A lokacin ne kafinta zai kwance su, ya kankare tsohon gam tas, ya sa sabo, ya ɗaure su kwana ɗaya. In ya yi gaggawa ya haɗa tun ranar farko, kafin hunturu ya wuce gadon zai fara ƙara.

Yayin da suke a kwance ka duba lungunan da tocila. Ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce. A fesa magani, a sake bayan kwana goma, saboda feshin farko ba ya kashe ƙwai. Inda ka ga ƙananan huji da gari yana zubowa, ƙwaro ne a ciki, a ɗura kananzir da sirinji. Soson kujerun a zubar da shi duka a sa sabo da sabon yadi. Katifa ma sabuwa, wannan kam ba a sayen ta hannu.

Wajen gogewa kafinta ya fara da samfefa mai lamba 80, sai 120, ya gama da 220, yana bin tsawon katakon. Folish shafi biyu ko uku marasa kauri, kwana guda tsakaninsu, kuma ba ranar da ake ƙura ba. Ka tsaya a kansa, kada ya lafta fenti ya rufe iroko. Kuma kada ka ba shi kuɗin aiki duka a farko, rabi tukuna.

Firij ɗin mai 220 ne, daidai da wutarmu. A bar shi tsaye kwana ɗaya kafin a jona, man injin ya koma mazauninsa. Labulen na auno faɗinsa ninki biyu na taga don ya yi tattara, kada wani ya ce ya yi yawa ya yanke.

Sai maganar da ta fi damuna. An ce kana cinikin gadon ƙarfen Inna mai rumfa da 'yan gwangwan. Haba Habu! Da shi aka kai ta gidan Baba. A goge tsatsar da burushin waya, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan a bi da launi, ya zauna a ɗaki na biyu. Tasoshinta na tagulla a dirje su da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka. Langa da kwalla kuma soso mai laushi kawai, na ƙarfe kankare furen yake yi. In aka jera su a kabad, duk unguwar ba amaryar da za ta nuna irinsu.

Na san ni ya kamata in tsaya a kan aikin nan, ba in bar maka ba. Kuɗin haya ne ya taso, amma ba wata matsala ba ce, kada ka faɗa wa Inna. In Allah ya so ina nan tafe kafin ɗaurin aure.

Ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe, kuma ina maimaitawa, ban da bashi. Ka kira ni ranar da motar ta iso. A gaida Inna da Gwaggo da Hadiza da yara duka.

Yayanka,
Sani