Amsa Ga Ɗalibin Da Ya Tambaye Ni Dalilin Waƙar Ƙauna

Assalamu alaikum, ɗana.

Tambayar da ka yi mini a bainar jama'a, ranar taron marubuta a Tudun Wadan Zariya, ta cancanci amsa a bainar jama'a, shi ya sa na rubuto maka wasiƙar da kowa zai iya karantawa. Ka ce kana mamakin yadda dattijo mai furfura, wanda yake karantar da yara addini, zai zauna yana tsara baitoci a kan ƙauna da kyau da sana'ar magina da maɗinka, alhali kabari yana gabansa, kuma a ganinka waƙar wa'azi ce kaɗai ta dace da mai shekaruna. Na ga kishin addini ne ya sa ka tambaya, saboda haka da gaske zan amsa maka.

Na san ayoyin da suke zuciyarka, waɗanda suke ƙarshen Suratus Shu'ara, inda aka ce ɓatattu ne suke bin mawaƙa, masu ɗimuwa a kowane kwari, masu faɗin abin da ba sa aikatawa. Amma ka ƙarasa karatun zuwa aya ta 227, domin a can aka togace waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah. Ka kuma tuna cewa lokacin da Ka'abu bin Zuhair ya zo Madina yana neman afuwa, ƙasidar da ya rera a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da begen mace ta fara kafin ta kai ga yabo, kuma ba a katse shi ba, mayafi ma aka yafa masa. Malamanmu na zaure a cikin Birni sun daɗe suna karantar da wannan ƙasida, ba su taɓa yanke mata kai ba.

Batun kyau kuwa, a nan nake son mu ɗan zauna. Muslim ya ruwaito cewa da aka yi gargaɗi a kan girman kai, wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, sai aka amsa masa cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. In kana son ganin tafsirin wannan hadisi a aikace, ka tuna da tsohon Masallacin Juma'a na kusa da fada, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Da ƙasa da azara ya yi aikinsa. Da ya ga dama, da bango huɗu da rufi sun isa a tsai da salla, kuma babu malamin da zai ce sallar ba ta yi ba. Amma ya ɗaga ginshiƙai, ya lanƙwasa bakuna har suka haɗu a sama suna ɗauke da tulluwa, ya bi jikin ginin da zane, domin ya ga bai kamata a yi wa Ubangiji sujada a ɗakin da aka gina da ganganci ba. Ni a wurina wannan magini ya yi tasbihi da hannunsa, kuma duk wanda ya ɗaga kai a cikin masallacin nan ya ce "Subhanallah", yana amsa amshin waƙar da aka fara kusan shekara 200 da suka wuce. In na yi wa irin wannan aiki baiti, daga ina na fita daga wa'azi?

Haka nake kallon mai ɗinkin hannu da yake duƙufa watanni a kan aska takwas, da matan cikin gida da suke cin wuyan riga har idonsu ya gaji domin su sayi littafin 'ya'yansu. Ka duba Suratu Saba, aya ta 11, ka ga yadda Allah ya umarci Annabi Dawuda ya saƙa sulke cikakku, ya daidaita ƙirar zobbansu, sannan a cikin ayar nan ɗaya ya ce a yi aiki nagari. Annabi ne mai Zabura, amma ba a bar shi ya yi ƙira ta ga-ta-nan ba, kuma Buhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Abin da yake damuna a yau shi ne mun raba masallaci da shago, har mutum yakan cika sahun farko da asuba, da hantsi kuma ya yi wa mai kaya algus, ko ya karɓi kuɗin ɗinkin Salla ya saɓa alkawari. Waƙata a kan sana'a da wannan cuta take faɗa.

Saura ƙauna, wadda na san ita ce ta fi tsaya maka a rai. Suratur Rum, aya ta 21, ta lissafa soyayya da jinƙai tsakanin ma'aurata a cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa da saɓanin harsuna. Amru bin Asi ya tambayi Manzon Allah wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, bai ɓoye ba. Game da Nana Khadija kuma ya ce an azurta shi da sonta. Kunya ado ce a wurin Bahaushe kuma ba na so mu rasa ta, sai dai na ga gidaje da yawa inda ta rikiɗe ta zama bushewar zuciya, mace ta shekara talatin tana tuƙa tuwo ba ta taɓa jin kalma mai daɗi daga bakin maigida ba. Irin waɗannan magidanta nake yi wa waƙa, fiye da samari.

Akwai inda nake tare da kai ƙwarai. Waƙar da take tsiraita 'yar mutane, ko take zuga yarinya ta bijire wa iyayenta, ko take kuranta mai kuɗi da halin da ba shi da shi, tana cikin abin da ayoyin nan suka zarga, kuma ba za ka same ta a takarduna ba. Ina gayyatarka ka zo zaure bayan sallar La'asar, mu bi baitocin ɗaya bayan ɗaya da littattafai a gabanmu, duk wanda ka nuna mini da hujja cewa ya ƙetare iyakar shari'a, a gabanka zan soke shi.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Babanka a fagen rubutu,
Birnin Zariya.