Rahoton Ayyukan Shekara: Taswirori da Bayanan Zafin Ƙarƙashin Ƙasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamiti aiki guda: a kwaso abin da ke warwatse a takardu game da duwatsun arewa maso gabas a zuba shi cikin kwamfuta, ta yadda mai binciken zafin ƙarƙashin ƙasa zai buɗe taswira ɗaya ya ga komai. Ga inda aka kwana.

Mun fara da tsofaffin taswirorin hukumar binciken ƙasa ta tarayya, wadda asalinta ke komawa 1919. Aka ɗauke su da sikana, aka jera a QGIS, manhajar haɗa taswirori a kwamfuta, tunda ta kyauta ce kuma asusunmu ba ya da ƙiba. Nan muka fara cin tuntuɓe. Tsofaffin taswirorin da ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin ba wa wurare lambobi a taswirar Najeriya, aka zana su, GPS ɗin wayoyinmu kuwa tsarin duniya na WGS84 yake bi, kuma tsakaninsu akwai tazarar gomman mitoci. Wani ɗalibi ya ɗora rijiyar garinsu a kan taswira, sai ga ta tsundum a tsakiyar rafi. An yi dariya, amma dole aka koma aka sake daidaita kowane shafi.

Daga nan muka shiga bayanan maganaɗisu da aka ɗauka ta jirgin sama a faɗin ƙasar nan tsakanin 2003 da 2010, a layuka masu ratar mita 500. Amfaninsu a wurinmu shi ne, dutse mai maganaɗisu yakan rasa ƙarfin maganaɗisunsa idan zafi ya kai wajen digiri 580 a ma'aunin Celsius. In aka ƙiyasta zurfin da hakan ke faruwa, an sami hasken inda zafi ya fi kusa da doron ƙasa. Mun gwada wannan a wasu sassan kwarin Binuwai da tsaunukan Biu. Sai dai kwamiti na jan kunne: ƙiyasi ne kawai. Taswira mai nuna zafi da ja da rawaya tana da daɗin kallo, amma ba ta maye gurbin ma'aunin zafi da aka zura cikin rami.

Shi ya sa muka kai ziyara Yankari. Ruwan Wikki garai-garai, har yashin gindinsa kake gani, ma'auninmu kuma bai yi nisa da digiri 31 da aka san shi da shi ba. Masu tambayar yaushe za mu kamo Kenya, wadda ke samun lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa a tashar Olkaria tun 1981, su yi haƙuri. Ɗumin Wikki na wanka ne. A bisa al'ada zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi, kuma sai an auna za a san inda namu ya zarce haka.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne takardun rijiyoyin burtsatse. Yawancin waɗanda muka samu ba su da lambobin GPS na wurin, sai sunan ƙauye da "kusa da masallaci". Zafin ruwa kuwa ba kowa ke rubutawa ba. Wani kamfanin haƙa ya yi ta ce mana gobe, jibi, daga ƙarshe ya ce gara ta cinye fayilolin.

Don haka aikin baɗi a fili yake. Duk mamban da ke zuwa wurin haƙa rijiya, don Allah ya rubuto lambobin GPS, da zurfi, da irin dutsen da aka ratsa, da zafin ruwa a lokacin da ake turo shi. Fom ɗin yana wurin sakatare. Waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba su ga ma'aji kafin taro na gaba, domin da kuɗin za mu sayi ma'aunin zafi na biyu.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa