Sanata ya ce ƙudurin mata ya saɓa wa addini, to ina nasa ƙudurin?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin mu tofa albarkacin bakinmu kan muhawarar da ke tashi duk lokacin da aka kawo ƙudurin da ya shafi mata gaban Majalisar Tarayya. Akwai sanatoci masu ra'ayin riƙau da kowa ya san matsayinsu: duk abin da ya taɓa aure, gado ko shugabancin gida, a ajiye shi. A ganinmu hujjarsu ta fi ƙarfin yadda masu sukarsu ke ɗauka, sai dai aikin da suke yi da ita bai taka kara ya karya ba.

A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata na Sanata Biodun Olujimi ta jihar Ekiti, tun a karatu na biyu. Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura na cikin waɗanda suka ja daga, yana cewa ƙudurin ya ci karo da tsarin mulkin da ya amince da shari'ar Musulunci. Ba Musulmi kaɗai ba ne, domin Sanata Emmanuel Bwacha na Taraba shi ma ya soke shi da hujjar addininsa na Kirista. An yi wa ƙudurin kwaskwarima an dawo da shi, amma a Disambar 2021 aka sake jingine shi bayan Sanata Aliyu Wamakko da Sanata Yusuf Yusuf sun nuna rashin amincewa.

Ta fuskar doka, Yarima bai yi magana a banza ba. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan auren Musulmi, riƙon yara, wasiyya, kyauta, waƙafi da gado. Abu na 61 a jerin ikon da aka keɓe wa Tarayya ya ba ta ikon yin doka kan ƙulla aure da warware shi, amma ya cire auren Musulunci da na gargajiya ƙarara. Sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisa ta mayar da ita doka, idan kuma batun bai cikin ikon Tarayya kaɗai, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Saboda haka rattaba hannun da Najeriya ta yi kan yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hana nuna wa mata bambanci, wadda ta tabbatar a 1985, da ta Maputo ta ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata a 2004, ba ya canza rabon gadon kowa a Gusau ko Azare. Masu tsara ƙudurin sun kwaso kalaman waɗannan yarjejeniyoyi kusan yadda suke, har da batun gado, ba tare da sakin layi ɗaya da zai ce wanda dokar addininsa ta tsara masa aure da gado ita za ta ci gaba da aiki a kansa ba. Wannan sakacin tsarawa ne, kuma shi ya ba masu adawa makami.

Amma a nan ne muke rabuwa da mai girma Sanata, wato duk sanatan da ke kan wannan matsayi. Karatu na biyu muhawara ce kan manufar ƙuduri gaba ɗaya. Gyaran sashe-sashe yana zuwa ne daga baya: a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a inda malamai da lauyoyi da ƙungiyoyin mata za su kawo takardunsu, sannan zauren ya koma kwamitin kowa da kowa a bi sassan ɗaya bayan ɗaya, a goge na gogewa, a gyara na gyarawa. Bayan karatu na uku ma sai ɗaya majalisar ta amince, in an samu saɓani a kafa kwamitin sasantawa, kafin a kai wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ƙofofin gyara ke nan har huɗu ko biyar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya kashe ƙuduri a karatu na biyu saboda sashe biyu ko uku, ya binne sauran tare da su: hana korar mace daga aiki don ta yi ciki, hana nuna mata bambanci wajen ɗaukar aiki da karatu, da kare matar da mijinta ya rasu daga wulaƙancin dangin miji. Ba mu san malamin da ya ce waɗannan sun saɓa wa addini ba. Ga shi kuma duk ƙudurin da bai kammala ba kafin wa'adin shekara huɗu na majalisa ya ƙare, ya mutu ke nan, sai a faro daga karatu na farko.

Haka aka yi ranar 1 ga Maris 2022, lokacin da ƙudurori biyar na mata suka faɗi a gyaran tsarin mulki. Gyara irin wannan yana buƙatar kashi biyu cikin uku, wato sanata 73 cikin 109 da wakili 240 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36, don haka ko rashin halartar zama kaɗai ya isa ya kashe shi. Batun ƙarin kujeru 111 na mata a Majalisar Tarayya abin a yi jayayya ne, ko don kuɗin da zai ci. To amma me ya haɗa addini da ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure? Macen da aka haifa a Katsina ta yi aure a Bauci ta haihu a can, in batun muƙami ya taso, can a ce ta auru ta tafi, nan a ce baƙuwa ce.

In mai girma Sanata ya ce shari'a ta riga ta ba mace haƙƙinta, kuma gaskiya ne, sai mu duba inda haƙƙin ke maƙalewa. Rabon a rubuce yake: matar mamaci tana da sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, uwa tana da sudusi in mamacin ya bar ɗa ko 'ya, 'ya mace kuma tana da rabin kason ɗan'uwanta. Matsalar tana wajen aiwatarwa. A bar gado shekara da shekaru ba a raba ba, babban wa yana noma gonar yana karɓar kuɗin hayar gida, in an tashi rabo a yi wa gonar kuɗi da araha a miƙa wa mata 'yan canji, takardar fili kuma ta ci gaba da zama da sunan mamaci. Abin da zai magance wannan doka ce ta jiha mai sassa kaɗan: wa'adin da za a kai lissafin dukiyar mamaci gaban alƙali, mai ƙiyasta kadara wanda ba ɗan gidan ba, hana sayar da komai kafin rabo, da umartar ma'aikatar filaye ta fitar wa kowace magajiya takarda da sunanta. Sanata ba ya zama a majalisar jiha, amma yana da gwamna a jam'iyyarsa da 'yan majalisar da ya tsaya wa suka ci zaɓe.

Ciyarwa ma haka take. Alƙali zai yanke wa tsohon miji abin da zai riƙa bayarwa duk wata don yaran da ke hannun uwarsu, ya biya wata biyu ya ɗauke ƙafa, ita kuma kuɗin motar komawa kotu ya fi ƙarfinta. Ana buƙatar tanadin da zai sa a cire kuɗin daga albashi kai tsaye ga ma'aikaci, ga ɗan kasuwa kuma a biya ta asusun kotu domin magatakarda ya ga ranar da aka fasa, ba sai matar ta sake shigar da ƙara ba. Dokar hana cin zarafi ta VAPP ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba ga wanda ya yi watsi da iyalinsa babu ci babu sha, amma ta Abuja ce, kowace jiha sai ta yi tata, kuma ɗaure uba ba ya sa tukunya a wuta.

Akwai kuma abin da ke hannun Sanata kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata 1,047 ne ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Bin diddigin ko sun isa asibitin karkara, ko akwai ungozoma da dare, da jini da maganin tsayar da zubar jini, aikin kwamitin majalisa ne. Dokar ƙwadago ma har yanzu mako 12 take ba mai jego da rabin albashi, alhali ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mako 14 ne da kashi biyu cikin uku na albashi. Ƙwadago yana cikin ikon Tarayya, ba ya buƙatar amincewar jiha ko ɗaya.

Malam Edita, roƙonmu gare ka shi ne ka sa wakilinka na majalisa ya nemo jerin ƙudurorin da kowane sanatan Arewa ya gabatar a wannan zango, ya ware waɗanda suka shafi haihuwa, karatun 'ya'ya mata, zawarawa da marayu, ya nuna matakin da kowanne ya kai, ku buga da suna da mazaɓa.

Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar ayyukan majalisa